Wane Irin Ruwa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga bakin kogin Nilu, ƙasar Sudan, zuwa ga Mai-sunan-Baba, a gidan kawunsa Malam Isa, Bodinga.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida innarka, ina gaida kawunka da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni, in har akwai sauran mai tambaya. Ni lafiya lau, sai gwiwa da ta fara gardama da ido da ya fara yaji. Allah shi sa wannan takarda ta iske ku cikin rufin asiri, amin.

Takardar kawunka ta iso ni a hannun wani maniyyaci mutumin Sifawa. Ya ce ka gama makaranta, an ɗauke ka malamin majalisar gunduma, kai ne mai rubuta abin da anka yanke, kai ne kuma tafinta in Bature ya zo rangadi. Ya ce bayan salla za ka ɗaure kayanka ka tare a Shagari. A ƙarshe ya rubuta, cikin murna, wai ɗa ya gaji ubansa. Da na kai wannan layi sai na naɗe takardar, ranar ban iya cin tuwo ba. Tabarmar da za ka zauna ita ce wadda na tashi a kai, kuma ba ka san yadda na tashi ba. An gaya maka ubanka ya tafi Makka. To, ban kai ba tukuna, kuma ba Makka ce ta fitar da ni daga gida ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta anka ce ka shafa wa naka ruwa, balle gemun ubanka.

Kuskurena na fari girman kai ne. Lokacin da anka kafa majalisun gunduma, anka ce talakawa su aiko da wakilansu su riƙa duba yadda ake kashe rabon gunduma daga haraji da jangali, ni kaɗai ne mai jin Turanci a zauren. Sai na ɗauka jin Turanci shi ne sanin magana. In takardar kiyasin kuɗi ta zo daga baitulmali, nakan karanta ta da murya irin ta Turawa, dattawa suna gyaɗa kai suna cewa madalla. Rabin abin da ke ciki ni kaina ban gane ba. Amma ina zan tambaya? A ce Malam bai sani ba? Ka ji wauta. An tara mutane don su sa ido a kan dukiyarsu, ni kuwa na mai da su 'yan amshin shata, kuma ina jin daɗin haka. Saboda haka, in takarda ta zo maka, kada ka karanta wa kowa ita sai ka iya bayyana ta da Hausar da innarka za ta gane tana tsaye bakin turmi. In ba ka gane ba, hau keke ka je wurin ma'aji ka tambaya, ya yi maka dariya, ka sake tambaya. Dariyar ma'aji ba ta kashe saniya. Abin da zan gaya maka yanzu ya kashe.

A majalisar akwai Arɗo Manu, wakilin Fulanin wajen Lambara. Dogo ne, siriri, ba ya rabuwa da malfa ko a cikin inuwa. Hausarsa ta kasuwa ce, ta saye da sayarwa, in magana ta yi tsawo sai ya koma Fillanci. Ni kuwa ka san kakarka Bafillata ce, na sha harshen a nono, don haka shi da ni mukan yi hira. Modibbo yake kirana, wato malam da Fillanci, don tsokana. In ya shigo sai ya ce, “Modibbo, yau mi takarda tac ce? Ta ce shanuna sun ƙaru ko?” Ni kuma in ce, “Ta ce ka ɓoye rabinsu a daji, Arɗo.” Ya yi dariya ya ce, “Takarda mayya ce.” Duk kaka sai ya aiko wa innarka da man shanu, kai ma ka sha shi a tuwo, ba za ka tuna ba.

Magana ɗaya ce ta kawo shi majalisa, ba ya da ta biyu: rijiya. Rijiyoyin mashayarsu na ƙasa ne, duk rani sai sun rufta. Yana so a gina musu ta siminti, mai zurfi, da kwamin shayarwa. Yakan ce, “Saniya tana biyan jangali, ba ta shiga makaranta, ba ta kwana asibiti, ba ta hawa mota. Ruwa kaɗai taka roƙo.” Kowa ya san gaskiya ya faɗa.

Sai wata shekara anka samu rara. Damina ta yi kyau, haraji ya shigo cif, jangali ya haura. Arɗo ya zo zama da sabuwar riga. Ranar kuwa Baturen rangadi ya zo, wanda mutane ke kira Mai-lofe. Zan yi masa adalci, don ban ga amfanin ƙarya a kan wanda ba ya nan ba: ba azzalumi ba ne, kuma bai ɓoye komai ba. Ya ce shawarar manya ita ce kada a taɓa rarar. A haɗa ta da ajiyar baitulmali, a tura Ingila a ba da ita rance, duk shekara ta haifi riba a kai, a bar ta domin shekarar yunwa. Ya ce amma doka ta ce sai majalisa ta yarda. Ya juyo ya ce da ni, gaya musu.

Na dubi zauren. Ga Hakimi, na san ya riga ya ba Bature baki tun a masauki. Ga Liman, in na ce riba a kan rance zai miƙe tsaye. Ga Arɗo, in na ce babu rijiya bana zai miƙe shi ma, kuma wakilan ƙauyuka za su bi shi. In majalisa ta watse babu yarda, wa za a ce bai iya aiki ba? Tafinta. Kuma a lokacin ana maganar ɗauke ni zuwa birni, babban ofis. Sai Shaiɗan ya miƙo mini kalma, mai santsi, wadda ba ƙarya ba ce kuma ba gaskiya ba. Na fuskanci Hakimi na ce, “Allah shi ba ka nasara, Bature ya ce a ajiye kuɗin a wuri mai tsaro, kuma duk shekara za su riƙa kawo ruwa.”

Ka san yadda 'yan kasuwa ke kiran abin da rance ke haifarwa. Ruwa. Waɗanda sunka san kasuwa sun gane, sunka yi shiru. Liman ya dube ni, ya dubi Hakimi, ya sunkuya yana jan tasbaha. Arɗo kuwa fuskarsa ta washe. Amma mutum ne mai hankali, bai yarda da Hausarsa ba. Sai ya karkato wajena, ya rage murya, ya tambaye ni da Fillanci, “Modibbo, ndiyam?”

Ɗana, ndiyam ba shi da fuska biyu. Ruwan sha ne, wanda saniya ke sa baki a ciki. Babu ɗan kasuwar da ya taɓa kiran riba da wannan suna. Da Hausa ina da wurin ɓuya, da Fillanci babu. Ya tambaye ni da harshen uwata. Na ce masa, “Ndiyam, Arɗo.”

Shi ya fara ɗaga hannu. Mai-lofe ya yi mamaki, ya cire lofen daga baki ya tambaye ni da Turanci ko na tabbata tsohon nan ya fahimta. Na ce ya fahimta sarai. Sau biyu ke nan cikin zama ɗaya Allah ya buɗe mini ƙofa, ina rufewa.

Ga abin da nake so ka riƙe. Tafinta ba mai sulhu ba ne. Ba aikinka ba ne zama ya yi daɗi. In maganar da anka ba ka ɗaci gare ta, miƙa ta da ɗacinta, su tofar ko su haɗiye, nasu ne. Duk ranar da ka ji kalma ta zo maka da sauƙi, kowa a zaure ya ji abin da yake so a cikinta, to ka tsaya, wannan kalma ɓarauniya ce. Kuma ka riƙa duban wanda ya fi kowa nisa da harshen da ake magana da shi. In shi ya gane, majalisa ta gane. In bai gane ba, hannun da ya ɗaga sata ce, kai ka sace shi.

Kada ka ce ina zagin ajiya. Wanda bai da rumbu bai da gida, kuma na ga shekarun da hatsin ajiya ya ceci rai. Amma rumbun da ke bayan teku, makullinsa a aljihun wani, ba ka ganinsa sai a takarda, wannan sai an yi tambaya a kansa. Ina yake? Wa ke buɗe shi? In muna so, yaushe zai iso? Me yake yi a can kafin mu nema? Na ji an ce da irin kuɗin nan ake gyaran tituna da tashoshin jiragen ruwa a wasu ƙasashe. Ban gani da idona ba. Amma in haka ne, to shanun Lambara sun yi wa mutanen da ba su san su ba aiki, su kuwa suna lasar laka. Waɗannan tambayoyi huɗu aikin majalisa ne, don su anka kafa ta, kuma ko ɗaya ban bari an yi ba.

Daminar da ta biyo baya ta ɗauke da wuri. Tafkuna sunka ƙafe tun gero bai gama shiga rumbu ba. Fulanin wasu wurare sunka kaɗa shanunsu sunka yi kudu tun da sauran ƙarfi a jikinsu. Mutanen Arɗo sun so su bi, ya hana su. Ya ce ruwa na zuwa, da kunnensa ya ji, Modibbo ya gaya masa da Fillanci. Sunka zauna suna jiran magina. Duk motar da ta tayar da ƙura a hanyar Shagari sai a ce ga siminti nan. Har rijiyoyin ƙasa sunka rufta ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da sunka haƙura sunka tashi, shanun ba su iya doguwar tafiya. Ba zan ba ka lissafi ba, ban ƙidaya ba, ban ma je na gani ba. Fatu dai sun yi arha a kasuwar Bodinga a shekarar, har majema suna zaɓe.

Kafin su tashi Arɗo ya zo ofis. Ina zaune ina kwafe takarda. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi innarka, ya tambaye ka. Sannan ya ce, “Modibbo, ina ruwan?”

Akwai mutane a wurin, masinja da wasu masu jiran Hakimi. Kunya ta kama ni, sai na mai da ita fushi, kamar yadda matsorata ke yi. Na ce, “Ba ruwana, Arɗo. Majalisa ta yanke. Kai ka fara ɗaga hannu.”

Ya dube ni. Sai ya ce, “Ashe. Ba ruwanka, ba ruwan shanu. To wanga ruwa, Modibbo, na wa ne?”

Na sunkuya na ci gaba da kwafe takarda. Ya sa takalminsa ya ce Allah shi ba mu alheri. Tun daga ranar bai sake kirana Modibbo ba. In mun haɗu sai ya ce Malam, da Hausa.

Abin da zai ba ka haushi, ruwan ya zo. Duk shekara yana zuwa. Layi ne guda a takardar kiyasi, ribar ajiya, a ƙara ta a kan uwar kuɗin ta koma can. Ni nake karanta shi a majalisa, da Turanci, da sauri, in wuce.

Kada ka taɓa cewa ba ruwanka a kan abin da ya bi ta bakinka ko ta alƙalaminka. Na san za su koya maka. Za a ce kai malami ne kawai, manya sunka yanke. Manya sun yanke, gaskiya ne, amma wuƙar a hannunka take. Kuma in ka yi kuskure, faɗe shi ranar da ka gane, tun yana ɗan maraƙi. Da na hau keke na je Lambara ko da bayan wata guda ne, na ce Arɗo, ba rijiya ake nufi ba, da ya zage ni, da ya kai ƙarata, da wataƙila na rasa aikin birni. Amma da sun tashi da wuri.

Ba nan na tsaya ba, kuma wannan ne ban taɓa gaya wa ko innarka ba. Da lokacin jangali ya zagayo, anka haɗa ni da masu ƙidaya. Doka ta yarda a ƙidaya abin da ke raye, ta kuma yarda a nemi sassauci in masifa ta auku. Na san haka, ni ke riƙe da takardar dokar. Amma in na rubuta cewa shanun Lambara sun ragu ƙwarai, za a tambayi dalili, dalili kuwa zai biyo sawu har ƙofar ofishina. Sai na rage kaɗan daga ƙidayar bara na miƙa. Mutanen da na kashe wa shanu, na sa sunka biya wa matattun jangali. Wasu sai da sunka sayar da 'yan maruƙan da sunka tsira. Daga nan jama'arsa ta juya wa Arɗo baya. Sunka ce ko dai an saye shi, ko tsufa ya cinye masa kai. Ya daina zuwa majalisa. Mutumin da in ya ɗaga sanda rugage ke tashi, ya koma ko jikokinsa ba su jin kiransa.

Haraji ba abin kunya ba ne, ƙasa ba ta tafiya sai da shi. Amma ka ƙidaya abin da idonka ya gani a bana, kada ka ƙidaya takardar bara. Ka je gonar, ka je rugar, kada ka zauna gindin bishiyar mai gari ana kawo maka fura kana rubuta abin da anka faɗa maka. In doka ta ba talaka ƙofa, nuna masa ita, don shi bai san tana nan ba, kuma ba wanda zai nuna masa in ba kai ba. Kada kuma ka zaci abin zai gyaru don Turawa za su tafi. Har nan muna jin maganar mulkin kai, kuma ina fata. Amma ka tuna, ranar nan Bature gaskiya ya faɗa. Wanda ya karkatar da ita baƙar fata ne, musulmi, ɗan Bodinga, mai alwala.

An ba ni aikin birnin. Ban kai shekara ba na ajiye. Duk takardar da na ɗauka sai in ji ana tambayata, ndiyam? Na ce wa mutane zan tafi aikin hajji, anka yi mini rakiya har bayan gari, ana kuka ana cewa in yi wa mutane addu'a. Kai kana riƙe da zanen innarka. Gudu ne, ɗana, na sa masa rawani. Guzuri ya ƙare mini a nan, na kama aiki a gonakin auduga. Ka san aikin da anka ba ni? Buɗe wa gonaki ruwa. Da safe in ɗaga ƙofar magudana, in tsaya ina kallonsa yana malala, ruwa mai yawa, har ana barinsa ya tafi banza. Allah ba ya zalunci, amma ya iya zaɓa wa bawa wurin zama. Ko kuɗin jirgi sun taru, nakan ji nauyin in je in tsaya a gaban Ɗakin Allah da haƙƙin mutum a wuyana, mutumin da ban nemi gafararsa ba. Yanzu kuwa maniyyacin nan ya ce Arɗo ya rasu. Allah shi jiƙansa, shi yafe masa. Na yi jinkiri har ƙofar ta rufe. In ka yi laifi, zauna inda ka yi shi. Kunyar da ka gudar wa takan riga ka isa masauki.

Yanzu ga roƙona, kuma na san ba ni da bakin yin umarni, ni da na bar ka kawunka ya rene ka. In ka ƙi, ban ga laifinka ba.

Arɗo ya bar ɗa, sunansa Buba. In ka natsa a Shagari, ka nemi rugarsu. Kada ka aika, kada ka je da rigar aiki. Ka gaya masa, a gaban dattawansu, cewa ubansa ba a saye shi ba, kuma hankalinsa bai gushe ba. Ya yi tambaya yadda mai hankali ke yi, da harshen da ba a iya yi masa wayo a ciki, wanda ya amince da shi ne ya yi masa ƙarya. Ka faɗi sunana. In sun zage ni, kada ka kare ni, ka saurara har su gama. Abin da na ɗauke wa mutumin nan ya fi shanu, mutuncinsa ne, kuma shi kaɗai ne har yanzu ake iya mayarwa.

Sannan, ranar da takardar kiyasi ta zo, in ka kai layin ribar ajiya, kada ka yi sauri. Karanta shi da Hausa, ka kira shi da sunansa. In wani ya ce ruwa, ka tambaya da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji: wane irin ruwa? Ka gaya wa wakilin Lambara cewa doka ta ba shi iko ya nemi a gina rijiyar nan, ka nuna masa yadda ake shigar da magana, ka rubuta ta yadda ya faɗa. Ba za a so ka ba a kan haka. Wataƙila ka daɗe a Shagari tsaranka suna wucewa birni. Wani babba zai kira ka gefe ya ce, kai yaro, daga zuwanka, ina ruwanka da rijiyar Fulani? Ka durƙusa, ka ba shi girmansa, ka ce, “Ranka shi daɗe, da ruwana. Gadonsa na yi.”

Allah shi kai ka Shagari lafiya, shi tsare ka a hanya da masauki. Allah shi tsare harshenka daga kalma mai fuska biyu, shi sa ka fi ubanka, wanda ba abu ne mai wuya ba. Ka roƙa mini gafarar innarka, ka ce na san abin da na bar ta da shi. Ka yi wa kawunka godiya. In an gina rijiyar ina raye, ka aiko mini da labari ko a bakin matafiyi ne, sai in kama hanyar Makka. In kuwa labarin ya iske na riga na tafi, ka ɗebi guga ɗaya da hannunka ka zuba wa shanun Buba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.